Neman kalma: matakan tsarin furotin

Malamar Bayoloji: Jama'a a taimaka, gobe da safe zan koyar da matakai huɗu na tsarin furotin. Na rubuta "tsarin firamare" da "tsarin sakandare", da na karanta sai ni kaina na ji kamar batun makaranta ake yi. Kalmar haɗin da ke riƙe sinadarai da juna ma ta gagare ni.

Tafinta: Malama, bar lissafin, ki kira kowanne da aikinsa. Na farko jeri, tunda amino asid, wato tubalan furotin, iri 20 ne ake jerawa su zama sarƙa. Na biyu murɗi ga siffar da ake kira alfa, ninki ga wadda ake kira beta. Na uku dunƙule. Na huɗu gamayya, kamar himogulobin, furotin ɗin jan jini mai sarƙa huɗu, biyu masu suna alfa, biyu beta.

Ɗan Kemistiri: Haɗin kuma kada a ba shi suna ɗaya. Na feftaid mai haɗa amino asid a jeri da na salfa biyu tsakanin amino asid ɗin sistin ƙulli ne, ba sa kwancewa da wasa. Na haidurojin da ke tsayar da murɗi kuwa riƙo ne kawai, zafi kaɗan ya saki.

Mai Kishin Harshe: Duk kun tsallake babbar matsalar. Furotin Hausa ce? "Maginin jiki" za a ce. Na daɗe ina faɗa.

Ɗan Kemistiri: Ranka ya daɗe, insulin mai daidaita sukarin jini furotin ne, me yake ginawa? Himogulobin dakon iskar oksijin yake yi.

Mai Kishin Harshe: Raina harshenku ne dai. Turawan ma ai daga Girkanci suka ɗauko, ba su ji kunya ba.

Tafinta: To ai ka yanke wa kanka hukunci, Malam. Aro suka yi, mu ma aro muka yi.

Mai Kishin Harshe: Su sun ara sun mallaka, ku kun ara kuna taƙama.

Malamar Bayoloji: Don Allah a dawo, dare na yi. Jeri ya zauna, da shi zan bayyana sikila: amino asid ɗin balin ya maye gurbin gulutamik asid a gurbi na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, shi ke nan. Ƙulli da riƙo ma na ɗauka. Dunƙule ne ban gamsu ba, kamar an cukuikuye abu ne barkatai, alhali lanƙwasar tana da ƙa'ida, sassan da ke gudun ruwa su ne ke shigewa ciki.

Tafinta: Naɗi fa?

Ɗan Kemistiri: Zai yi karo da murɗi.

Mai Kishin Harshe: Ku sa dunƙulen zuwa wani lokaci. Maginin jiki dai ban janye ba.