Neman gidan haya mai sauƙin kuɗi ga ɗalibin digiri na biyu a Kano

Malamin makaranta daga Gombe:

Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin ilimi a Jami'ar Bayero, kuma ina shirin tahowa Kano da iyalina, wato maiɗakina da yara biyu ƙanana, domin ba na son in bar su a gida tsawon lokacin karatun. Albashin koyarwa kaɗai nake dogaro da shi, saboda haka unguwanni irin su Nasarawa da Bompai ba sa cikin lissafina. Ina roƙon mazauna gari su ba ni shawara a kan unguwar da zan iya samun ciki da falo a kan kuɗi mai sauƙi, inda akwai kwanciyar hankali da makarantar Islamiyya ta yara. Wani abokin aikina ya ambata mini Naibawa da Unguwa Uku, ya ce haya tana da rangwame a can.

Mazaunin Rijiyar Zaki:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sanya albarka a karatun. Kafin a yi maganar unguwa, ya kamata ka san cewa jami'ar ba a wuri ɗaya take ba. Akwai tsohon mazauni a kusa da Kabuga, akwai sabon mazauni a kan titin Gwarzo, sannan masu karatun likitanci suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. Tsangayar ilimi tana sabon mazauni. Naibawa da Unguwa Uku kuwa suna ɓangaren titin Zariya ne, don haka shawarar abokin aikinka ta fi dacewa da ɗalibin asibiti. Idan ka zauna a can, sai ka keta gari safe da yamma, ka hau adaidaita sahu fiye da ɗaya kafin ka isa aji, kuma abin da ka rage a kuɗin haya zai ƙare a kuɗin mota tun shekara ba ta raba ba. Ka tuna kuma an hana acaɓa a cikin birnin Kano tun 2013, saboda haka babu wata hanya mai arha ta kauce wa cunkoso.

A ganina ka fara dubawa daga Rijiyar Zaki, Danbare da Rimin Gata, waɗanda duk suke dab da sabon mazauni. Gidajen bakin titi sun fi tsada, saboda ɗalibai da ma'aikatan jami'a suna rububinsu, amma da zarar ka nutsa cikin unguwa farashin yana sauka. Janbulo da Tudun Yola suna da tsari mai kyau, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai.

Ɗalibar digiri na uku:

Na yarda da bayanin da ya gabata, amma ina da ƙari a kan nutsawa cikin unguwa, domin arhar tana da dalili. Abu na farko da za ka tambaya shi ne ruwa. Gidaje da yawa a sababbin unguwannin nan ba su da ruwan famfo, sai rijiya, ko burtsatse, ko kuma 'yan garuwa da ke tura kura suna sayar da jarka, kuma mai iyali da yara biyu zai ji wannan kashe kuɗi a jikinsa kowace rana, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Gidan da ke da rijiya mai ruwa a tsakar gida ya fi wanda ya fi shi arha amma babu ko ɗigo. Na biyu, ka dubi hanyar shiga layin, ka tambayi maƙwabta yadda take kasancewa a watan Agusta, saboda akwai lungunan da masu adaidaita sahu ba sa yarda su shiga da damina. Wutar lantarki ma maƙwabta za ka tambaya, ba dillali ba, kuma ka san ko mita ɗaya ake rabawa da sauran 'yan haya.

Kada ka manta da Ɗorayi, wadda ke kusa da tsohon mazauni. Tana da cunkoson jama'a, amma akwai kasuwa da makarantun Islamiyya a kusa, kuma daga tsohon mazauni ana samun motocin da ke kai ɗalibai sabon mazauni.

Dattijo daga Gadon Ƙaya:

Ɗana, shawarata ita ce kada ka ɗauko iyali a zuwan farko. Ka zo kai kaɗai, ka sauka wurin wani ɗan'uwa ko abokin karatu na 'yan makonni, ka ga jadawalin darussanka, sannan ka taka da ƙafarka ka ga gidajen. A nan kuɗin haya na shekara guda ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai, wani dillalin ma sai an ba shi kuɗin ganin gida kafin ya motsa. Kada ka miƙa ko sisi sai ka ga mai gidan ko wakilinsa ido da ido, an rubuta yarjejeniya da shaidu, an kuma fayyace wanda gyaran rufi da yashe masai suke wuyansa. Da yake kai mai iyali ne, za ka fi samun karɓuwa wurin masu gidaje fiye da saurayi marar aure. Idan ka samu wanda ya kwanta maka, ka je ka gaida mai unguwa da limamin masallacin layin, su za su gaya maka gaskiyar halin gidan da na mai shi.