Ranar Hutu Na Fi Jin Yunwa, Ga Tumbi Ya Fara Fitowa

Mai Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Ringim. Keken tseren nan kawuna ne ya sayo mini na hannu a Kano, sai da muka canza sarƙa da taya, kuma ya rantse in ban shiga gasa bana ba zai karɓe abinsa ya ba ɗansa, wanda ko faci bai iya ba. Bayan asuba nake fita wajen Taura in dawo, Juma'a nake hutawa. To ranar ce yunwa take cina. Fura da rana, da dare Inna ta ɗora mini malmala uku ta tuwon dawa. In rage ne?

Tsohon Ɗan Tsere: Ƙanena, nauyinka nawa? Ba ka faɗa ba. Ranar hutu ko 'yar zagayawa, jiki na buƙatar giram 3 zuwa 5 na sitaci ga kowane kilo naka, ranar doguwar tafiya 6 zuwa 10. Sitacin da ke cikin tuwon nake nufi, ba nauyin malmalar ba. Ajiye malmala ɗaya, cika gurbinta da kwaɗon zogale. Wake, awara, nono da ƙwai kuwa kada ka rage, ranar hutu tsoka take gyaruwa. Ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne na furotin, sinadarin da ke gina tsoka.

Mai Faci: Ƙwai? Yaya, ka san kuɗinsa yanzu? Mu da ake kawo wa faci bashi, mutum ya hau ya ɓace sai bayan girbi.

Dogo: Kada ka rage komai. Kakanninmu da buhu suke tuƙawa zuwa kasuwar Maigatari, wa ya taɓa auna musu tuwo?

Tsohon Ɗan Tsere: Dako daban, tsere daban, Dogo. Inda ka yi gaskiya ɗaya ne: in Asabar tafiyarsa doguwa ce, ya ci tuwon daren Juma'a sosai, ya rage abincin rana. Ya zare sukari daga furar.

Mai Tambaya: Yaya, furar ba sukari ai ba ta shawuwa. Kuma Inna in ta ga ragowar tuwo cewa take na raina girkinta.

Dogo: Ka ji ko!

Tsohon Ɗan Tsere: Har yanzu ba ka faɗi nauyin ba.

Mai Tambaya: Sikelin mai hatsi kaɗai muke da shi, kuma ya tafi kasuwa.