Romon ƙashin sa a tukunyar tururi mai lantarki

Abin da aka fi yarda da shi: a haɗa ƙashi mai ɓargo da ƙafar sa, don ita ke sa romo ya daskare idan ya huce. A fara tafasa ƙashin minti 10, a zubar da ruwan kumfar. Wasu sun fi son a gasa shi, ƙamshin ya fi fita.

Kada ruwa ya wuce layin da ke cikin tukunyar. Albasa, citta, tafarnuwa da masoro sun isa, gishiri sai ƙarshe. A rufe tukunyar a dafa awa 2 zuwa 3, sannan a bar tururin ya sauka da kansa. Gaggawar buɗewa na dagula romon.

A tace, a sa a firij, a kwashe kitsen da ya kwanta sama. Kwana 3 ko 4 romon yake yi a firij.