Wane fenti ne ba ya cin roba? Taragun gyaɗa nake son yi

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani ɗan'uwana ya zo mini da ƙananan taragun kaya na kwaikwayon jirgin ƙasa guda shida, na ma'aunin girman da ake kira HO, daga Amurka, na hannu ne, ƙirar kamfanin Athearn irin na da mai shuɗin kwali, da kan jirgi ɗaya na dizal. Duk da rubutun kamfanonin can a jikinsu. So nake in mayar da su taragun gyaɗa irin na zamanin dala a Kano. Wane fenti zan saya wanda ake samu a nan gida? Kuma sai na cire tsohon fentin, ko in bi ta kansa kawai?

Ɗan Loko: Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Kafin komai, da taransifomarsa ya zo? In ta Amurka ce wuta 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. Kada ka soka ta a bango kai tsaye.

Sabon Shiga: Da ita ya zo. Allah ya taimake ni ban jona ba tukuna.

Injiniya: Ni tun daga tushe nake da magana. Layin HO milimita 16.5 ne. A ma'aunin 1:87 wannan shi ne layin gaske mai faɗin milimita 1435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Layin da ya shigo Kano a 1911, wanda ya kwashi gyaɗar, 1067 ne. Raba shi da 87, za ka samu 12 da ɗan ɗoriya. Wato taragon gyaɗa na gaskiya kan layi mai milimita 12 zai hau. In kuma na 16.5 ɗin kake son riƙewa, sai ka koma ma'aunin 1:64, yadda mutanen New Zealand suke yi, don su ma 1067 gare su.

Ɗan Loko: An fara. Yaro ya tambayi fenti, an ba shi lissafi.

Gwanin Kara: Injiniya ko tuwo aka kawo masa sai ya zaro tef ya auna malmala.

Injiniya: Ku yi ta dariya. Duk wanda ya san jirgin Najeriya, kallo ɗaya zai ga tayoyin sun buɗe da yawa.

Na Kafanchan: Ƙanina, bar su Injiniya, saurare ni. Duk abin da za ka yi, kada ka kai wa mai fentin mota. Ina da gangar jikin wani ɗan kan jirgin kwal, mai jerin tayoyi 2-8-2, da na daɗe ina sassaƙa shi don ya yi kama da River, waɗannan da Vulcan Foundry ta Ingila ta fara ƙera wa Najeriya a 1948, masu sunayen koguna. Na kankare bututan roba da aka zuba a jikin tukunyar, na huda ramuka da ɗan mitsitsin dirili, na sa wayar tagulla ta milimita 0.4 a matsayin madafa, na gyara rumfar direba. Saura fenti kawai. Akwai wani mai fentin mota a bayan layinmu, mutumin kirki ne, muna gaisawa. Ya ga abin a hannuna, ya ce haba Alhaji, wannan ai aikin minti biyar ne, bamba nawa na fesa, hular kwano nawa na fesa, duk ba roba ba ce? Har cewa ya yi ba zai karɓi ko sisi ba.

Washegari da na je, na tarar da shi a kan bonet ɗin wata mota, a tsakiyar rana, wai yana bushewa. Jikin tukunyar duk ya yamutse kamar bayan kada. Ƙananan kawunan ƙusa da ke jere a jikin tankin ruwa sun narke sun shafe, rufin rumfar ya lotsa daga gefe ɗaya, tagar hagu ta zama ba murabba'i ba. In ka danna da farce sai ya shiga. Shi kuma ko a jikinsa, cewa yake a bari ya ƙara hannu na biyu zai kwanta. Da na ƙi, sai ya ce to a jiƙa a man birki fentin ya fita. Fentin ya fita kam, amma robar ta yi gautsi, ina ɗaga shi matakalar gaba ta ɓalle, bayan kwana biyu tsaga ta bi ta gindin bututun hayaƙi.

Abin da bai sani ba shi ne robar bamba daban, tamu daban. Yawancin taragun nan da polistirin ake zuba su, kuma tinar mota narkar da ita take yi. Ai gam ɗin da muke haɗa sassa da shi ma haka yake aiki, narkar da fuska biyu yake su haɗe. To ka ɗauka gam ka fesa wa jirgin gaba ɗaya. Har da fentin gwangwani na feshi da ake sayarwa a shagunan kayan gini, da yawansu haka suke in aka zuba su da kauri. Duk fentin da ka samu, fara gwada shi a farin cokalin roba na biki, wanda aka buga wa PS ko lamba 6 a bayansa. Ka bar shi ya kwana. In cokalin ya tsira, taragon ma zai tsira.

Sabon Shiga: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Yaya.

Gwanin Kara: Kai ma Alhaji, wa ya aike ka? Mu da muka taso da motar kara da ta langa-langa ba mu taɓa kai wa kowa fenti ba. Bula da jar ƙasa, shi ke nan.

Na Kafanchan: Naka wasa ne. Har yau in na wuce ta garejin sai ya tambaye ni ko akwai wani.

Anti Zane: Sabon Shiga, kan tambayarka ta biyu. In fentin kamfani ne siriri, ba sai ka cire duka ba. Rubutun ne matsala, don yana da ɗan tudu kuma zai fito ta ƙarƙashin sabon fenti. Samu sifirit mai ƙarfi, isofurofil na kashi 90 zuwa sama, wajen masu kayan asibiti ko masu gyaran waya, ka jiƙa auduga ka goge a hankali. In ya ƙi, sanfefa mai lamba 1000 da ruwa. Sai ka wanke da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, ya bushe, kada ka ƙara taɓa shi da hannu. Daga nan fentin shimfiɗa ruwan toka, siriri, sannan launi. Ni akirilik na ruwa nake amfani da shi a ƙananan gine-ginen da nake haɗa wa ofis, ba ya cin komai. Na masu zane da ke cikin tub ma yana yi, sai dai ka tsinka shi sosai ka yi hannu uku ko huɗu da lallausan buroshi mai faɗi.

Ɗan Loko: Dettol ma yana cire fenti, mai ruwan ƙasa-ƙasan nan. Amma kada ruwa ya taɓa shi sai ka gama gogewa, in ba haka ba ya zama danƙo.

Anti Zane: Kuma gidan ya yi sati yana warin asibiti.

Na Jamus: Fentin Vallejo nake ba da shawara in za a aiko maka daga waje, na ruwa ne. Tamiya ya fi kwanciya a bindigar feshi, amma akwai sifirit a cikinsa, shi da gwangwanayen feshi masu jigilar jirgin sama ba sa son ɗauka. Kada ka sa wani ya cusa maka a akwati a ƙwace a filin jirgi.

Ɗan Loko: Masu bindigar feshi, ku tuna muna shiga hunturu. Iska ta bushe, fentin yana bushewa kafin ya isa jikin tarago, sai ka shafa ka ji yashi-yashi. Rage iskar kwamfiresa zuwa PSI 15 ko 18, matso kusa, ɗiga maganin jinkirta bushewa. Ka fesa da sassafe, ka kife roba a kai saboda ƙura. Da damina kuma akasin haka, ranar da aka yi ruwa kada ka fesa banish marar ƙyalli, fari yake yi.

Baba Reluwe: Yara, ina jin ku. Ni dai abin da nake gani a hotunan da kuke sawa, taragunku sun cika tsabta. Taragon da ya yi Nguru zuwa Apapa ya dawo ba ya ƙyalli. Daga ƙasa zuwa kusan rabin jiki ƙura ce ja. Bakin ƙofa ya goge saboda jan buhu da kafaɗar 'yan dako. Wajen akwatin gindin taya baƙi ne, mai ya tsiyaya ƙura ta manne. Ga rubutun alli da ma'aikata suke yi a gefe, wani a kan wani. Wanda ba shi da rufi kuma tamfol ake ja masa a ɗaure da igiya. In ba ku sa waɗannan ba, kowane launi kuka shafa, na kanti ne.

Sabon Shiga: Allah ya ƙara girma, Baba. To asalin launin fa?

Baba Reluwe: Ɗana, ka yi ƙurar daidai tukuna.

Gwanin Kara: Baba ya manta ne, ba ya son faɗa.

Baba Reluwe: Ubanka ne ya manta.

Anti Zane: Ƙurar da alli mai launi ake yi, na masu zane, ba mai maiƙo ba. Goga shi a sanfefa ya zama gari, ja da ruwan ƙasa da ɗan baƙi, ka ɗiba da busasshen buroshi kana ja daga ƙasa zuwa sama. In ka fesa banish a kai rabinsa zai ɓace, saboda haka sai ka maimaita. Rubutun allin Baba kuma farin fensir mai tsini.

Gwanin Kara: Ga jar ƙasa kyauta a ƙofar gida, ku kuna sayen alli.

Injiniya: Tana yi, in an tankaɗe ta da rariya mai laushi. Amma ka bi ta da maganaɗisu tukuna ka ga abin da zai ɗauko. Akwai ƙarfe a cikinta, kuma motar kan jirgi maganaɗisu ce, duk abin da ya saki can zai tafi.

Na Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu layin Kano zuwa Maraɗi muke jira, kuma 1435 ne. In ya iso, HO ɗina daidai yake, Injiniya ba shi da ta cewa.

Injiniya: Sai ka cire gyaɗar ka sa kwantena.

Ɗan Loko: Injiniya, tunda gaskiya kake so, Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,100. A HO kusan kilomita 13 ke nan. Yaushe za ka fara shimfiɗawa, mu zo da shebur?

Na Jamus: Kada ka yi dariya, na Miniatur Wunderland, gidan kallon ƙananan jirage da ke Hambug, ya wuce kilomita 15 in aka haɗa layukansa, kuma HO ne. Tun 2001 suke ƙarawa.

Na Kafanchan: Ƙanina, wani abu kafin ka rufe taragun. Auna nauyinsu. Ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, a HO ita ce giram 28, sannan ƙarin giram 14 a kan kowane inci na tsawo. Tarago mai ƙafa 40 yana kai inci biyar da rabi, ka ga wajen giram 105 ke nan. In ya gaza haka, a kwana zai riƙa sauka daga layi. Je wajen masu balansin taya ka sayi 'yan ƙarafan nan masu manne, na giram 5 da 10, ka liƙa a ciki, ƙasa-ƙasa, daidai saman tayoyi. In dalma ce kada ka manne ta da farin gam na kafinta, da daɗewa kumbura take ta fasa jiki.

Ɗan Loko: Kuma ka cire katakon tafiya da ke kan rufin, da tsanin da ya kai sama. Su ne suke tona asirin cewa ɗan Amurka ne. Ka toshe ramukan da bodi. In da hali ka sauya maƙalan da ke haɗa taragu zuwa na kamfanin Kadee, da tayoyin ƙarfe, na roba datti suke tarawa.

Sabon Shiga: Buhunan fa? Na yi tunanin in zuba ƙwayar alkama in fente ta.

Gwanin Kara: Ka gayyato ƙwari da ɓera walima ke nan.

Anti Zane: Milliput, wato bodin da ake kwaɓawa ya daskare, ko yumɓun yara mai bushewa da kansa. Murza shi dogo, yanka milimita 11 ko 12, danna kowanne da ƙyallen shadda ko wani yadi mai ƙananan ido don saƙar buhu ta fito, ka ɗan tsuke kunnuwa biyu da hantsaki. Ba sai ka cika tarago ba. Sa soso a ciki, jera buhuna a inda ido yake gani ta ƙofa. Dalar ma haka, kwali a ciki, buhu a waje.

Na Jamus: Rubutu ne zai ba ka wahala. Firintar gida ba ta buga fari. Sai dai ka sayi farar takardar sitika ta ruwa, ka buga launin taragon ya kewaye haruffan, kuma da wuya launin ya zo ɗaya. Wurin da za ka liƙa ya zama mai sheƙi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙasa ya yi fari-fari. Ruwan laushin sitika na Micro Sol yana kwantar da ita a kan ƙusoshi.

Injiniya: Kuma ya kula da shekara. NRC, hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, a 1955 aka kafa ta. In dalarsa ta kafin nan ce, ba zai rubuta NRC ba.

Ɗan Loko: Wannan kam ka yi gaskiya, sau ɗaya a shekara.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ban ji sunan fentin da zan shiga kasuwa in ce a ba ni ba.

Na Kafanchan: Ba na mota ba.

Gwanin Kara: Wai man keken ɗinki yana yi wa giyar kan jirgi? Nawa ya fara kuka.

Ɗan Loko: Kada ka soma. Man Labelle 108, ɗigo ɗaya a bakin allura.

Gwanin Kara: Shekara nawa ina sa na keken ɗinki ban ga komai ba.

Injiniya: To me ya sa yake kuka?

Na Maraɗi: Na Jamus, in za ka zo hutun ƙarshen shekara, a sako mini Kadee lamba 148 fakiti biyu. Zan turo kuɗin ta hannun ɗan'uwanka na Katsina.

Na Jamus: Na baran ma ba ka biya ba.