Waɗanda suka hau Moto Guzzi V100 Mandello, ku ba mu labari

Ɗan Zango (Brescia)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babur ɗaya nake son riƙewa, don garejin gidan haya da kuɗin inshora ba za su ɗauki biyu ba. Wanda zai kai ni kamfani da asuba ta titin A4, ranar Lahadi in hau duwatsu da shi, hutun Agusta kuma in goya uwargida mu je Modena gaida dangi. Moto Guzzi sun ce babur ɗinsu, V100 Mandello, duk zai yi wannan. Tun da suka nuna shi a baje kolin EICMA na Milan a Nuwamban 2021 nake bibiyarsa, ya kuma shigo kasuwa a ƙarshen 2022. Abin da ke takarda na haddace: inji cc 1042, ƙarfin doki 115, nauyi kilo 233, tanki lita 17. Da ya fito a 2022 kuɗinsa ya haura Yuro dubu 15, samfurin S mai ƙarin na'urori kuma ya doshi dubu 18. Wanda ya ɗora ƙafa a kansa nake son ji daga bakinsa. Masu kallon YouTube don Allah ku ɗaga mana ƙafa, ni ma na kalla.

Baban Khalifa (Lecco)

Wa alaikumus salam Ɗan Zango. Ka zo gidan sauƙi, nawa yana ƙasa yanzu haka, kuma daga ƙofar gidana zuwa masana'antar Guzzi da ke Mandello del Lario tafiyar 'yan mintuna ce a bakin tafkin Komo.

Da ka zauna abin da idonka zai fara faɗawa a kai shi ne kawunan injin nan biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, a gaban gwiwoyinka. Tsofaffin Guzzi idan ka murɗa totur a tsaye sai babur ɗin ya karkata gefe guda. Wannan sun sa masa wani ƙarfe a ciki mai juyawa akasin injin, saboda haka karkatar ta ragu sosai, saura ɗan girgiza da za ka ji a cinyarka ka san yana raye. Ni wannan girgizar ce ta sa na saya, in ba haka ba da na Japan zan ɗauka in huta.

Inda ya burge ni shi ne ja daga ƙasa. Kamfani ya ce kashi 82 cikin ɗari na ƙarfin jansa yana hannunka tun inji na juyi 3,500, kuma a hanya haka abin yake. Tsohuwar hanyar bakin ruwa da ta bi ta Varenna da Bellano, kwana ce bayan kwana, ga 'yan keke, ga motocin baƙi masu tsayawa ɗaukar hoto ba sigina. A giya ta uku nake barinsa, in sassauta ya bi a hankali, in murɗa ya tashi ba tari. Idan na hau babbar hanyar SS36 mai ramukan dutse sai in danna maɓalli gilashin gaba ya ɗago, in kunna mai riƙe gudu, hannun dama ya huta.

Fikafikan nan biyu na gefen tanki da ake ta surutu a kansu, tsarin tuƙin da ka zaɓa a allo suke bi: a tsarin ruwan sama a buɗe suke, a tsarin tsere a rufe, a tsarin doguwar tafiya kuma sai ka kai wani gudu su buɗe da kansu, kamar zakara zai yi cara. Da rani ba na lura da su. Da sanyin safiyar Maris na san amfaninsu, don iskar da ke shiga ta ƙasan riga ta daki ciki ita suke karewa.

Amma a wurina babban abin shi ne babu sarƙa. Farfela ce ke juya tayar baya, irin ta mota. Duk wanda ya taɓa durƙusawa a gareji cikin watan Janairu yana goge sarƙar da gishirin titi ya cinye, hannu ya ƙage, shi zai gane maganata. Kai da za ka riƙa zuwa aiki kullum, ka sa wannan a lissafi kafin komai.

Bamaraɗe (Bergamo)

Ni gwaji na yi wajen wani dila, ban saye ba. Moto ne mai kyau, ba gardama, amma Baban Khalifa kai mai shi ne, dole ka yabe shi. Ina da Tracer 9 GT ta Yamaha, kilo 220, silinda uku, kuma da na sauka daga Guzzi na koma kanta sai na ji ta sakayau. A tafe ba ka jin nauyin V100, a turawa baya wajen fakin kake jinsa. Fikafikan kuwa, sun ce suna rage iska da kashi 22 cikin ɗari. Ni dogo ne, iskata a kafaɗa da hular kwano take, can kuma fiffike bai kai ba. Sannan lita 17 na esansi ga moton da aka ce na bulaguro ne, a ganina an yi rowa.

Baban Khalifa (Lecco)

Malam Bamaraɗe, maganar tanki na ba ka gaskiya. In na bi shi a hankali ina kusantar kilomita 300 kafin in nemi gidan mai, in na matsa masa kuma ba ya kaiwa. Sai dai ni kafin tanki ya ƙare bayana ya riga ya nemi hutu, ga lokacin salla, ga wadda ke bayana ta fara zungurina.

Maman Khalifa

Tunda an ambace ni bari in faɗi nawa, don masu goyo ba a cika tambayarsu ba. Yaya Ɗan Zango, ka kai matarka ta zauna a kai kafin ka biya ko sisi. Kujerar baya tana da faɗi, akwai maƙamai hagu da dama, ƙafa ba ta naɗewa sosai. Daga Lecco zuwa Brescia ban gaji ba. Abin da ya dame ni da farko shi ne babu abin jingina, duk sanda ya murɗa sai in ji zan zame. Sai da aka ɗaura akwatin baya mai matashi hankalina ya kwanta. Akwatin nan da na gefe duk daban ake sayensu, ka tambayi kuɗinsu tun yanzu.

Ga 'yan'uwana mata kuma: kar rashin sarƙa ya ruɗe ku. A gida mun sha ganin yadda sarƙar babur ke cafke hijabi ko bakin zani ta fizgo mace ƙasa. Wannan ba shi da sarƙa, amma hannu ɗaya ne ke riƙe da tayar baya ta hagu, gefen dama a buɗe yake, taya na juyawa tsirara. Ni ƙaramin hijabi nake sawa in cusa shi cikin jaket, wando mai kariyar gwiwa, doguwar rigar in naɗe ta a akwati. In mun isa in zura abata kafin in shiga gidan mutane. Mayafi mai lilo ba na kan babur ba ne, ko wane iri.

Ɗan Zango (Brescia)

Allah ya saka, Maman Khalifa. Na karanta mata, ta ce in ba akwatin baya ita jirgin ƙasa za ta bi.

Baba Mai Mikiya (Valsassina)

Yara ku matsa tsoho ya yi magana. Ni tun shekarun 1990 nake ƙasar nan, a gidan narkar da ƙarfe na ƙare ƙuruciyata, kuma abokan aikina Italiyawa su suka koya mini Guzzi. A 1921 aka kafa kamfanin a Mandello. Carlo Guzzi da Giorgio Parodi ne, da na ukunsu Giovanni Ravelli, matuƙin jirgin sama, wanda ya mutu a haɗarin jirgi a 1919 kafin a fara komai. Mikiyar da ke jikin tanki don tunawa da shi aka sa ta. Tun 2004 kamfanin yana hannun Piaggio, masu Vespa, amma har yau a garin nan ake harhaɗa baburan, bayan jar ƙofar nan da kowa ke ɗaukar hoto a gabanta.

Bikin cika shekara ɗari da korona ta hana a yi shi yadda ya kamata a 2021, sai Satumban 2022 aka yi babban taron, kuma ina wurin. Garin ya cika maƙil, Jamusawa, Faransawa, 'yan Holan, babura har bakin ruwa. Na tsaya kusa da wasu tsofaffi sun kewaye V100 suna leƙen lagireto suna girgiza kai. Abin da ke cinsu shi ne tun da injiniya Carcano ya zana musu injin nan mai kai biyu a shekarun 1960, iska ce ke sanyaya shi, yau ga ruwa ga tiyo. Ni dai na san dokar hayaƙi ta Euro 5 ba ta san tarihi ba. In kana son doki 115 daga inji irin wannan kuma hayaƙinka ya wuce awo, sai ruwa.

Na karɓi na wani yaron abokina na zagaya da shi zuwa Ballabio na dawo. Sun juya kawunan injin, yanzu bututun salansa ta gefe yake fitowa, iska kuma ta sama take shiga, shi ya sa gwiwa ta samu wuri. A tsohon nawa, California, dogon mutum gwiwarsa na gogar injin. Kuloci ya yi laushi, birkin Brembo da yatsa biyu ya isa. Ya fi nawa komai da komai. Ban ji sha'awar sayensa ba duk da haka: nawa da sifana da sukudireba nake gyara shi a ƙofar gida, wannan sai an jona masa kwamfuta.

Makanike (Kano)

Baba ka taɓo inda nake jira. Ban taɓa ganin wannan ba, amma manyan babura na hannu da ake shigo da su suna zuwa garejina. Masu sarƙa ba su ba ni wahala, ko babu tasu za a nemo wadda ta yi daidai. Mai farfela kuwa ya taɓa kwana wata da watanni a wurina saboda roba guda da ke tare mai, sai da aka aiko da ita daga waje. Wannan naku zai yi a nan?

Bamaraɗe (Bergamo)

Oga, tayoyinsa inci 17 ne gaba da baya, na kwalta zalla. Abuja cikin gari zai yi, gargada da rairayi a'a. In dole sai Guzzi, V85 TT ta fi dacewa da can: tayar gaba inci 19, tanki lita 23, iska ke sanyaya ta. Ita ma ka tanadi mai aiko maka da kaya.

Autan Mama (Milan)

Yayyena ku yi haƙuri da katsalandan. Shekarata 21, ina da lasisin gida. Dila zai ba ni in gwada?

Baba Mai Mikiya (Valsassina)

Ba zai ba ka ba, ɗana. Wannan sai lasisin A, shi kuma sai ka kai 24, ko ka kai 20 kana riƙe da A2 shekara biyu. A2 iyakarsa kilowat 35, wannan babur ya ninka haka fiye da sau biyu. Lasisin Najeriya ko na Gana kuma ba a musanya shi da na Italiya, kuma shekara guda bayan ka yi rajistar zama ya daina yi maka aiki. Je ka makarantar tuƙi ka fara da A2. Jarrabawar da Italiyanci ake yinta, tambaya 30, kuskure uku kawai aka yafe.

Baban Khalifa (Lecco)

Ɗan Zango, ka ce duwatsu, to ga labarin hanyar kan dutsen Stelvio. Mun bi ta Valtellina muka hau ta Bormio, sama da mita 2,750, muka gangara ta ɓangaren Prato inda kwanoni 48 suke, kowacce da lambarta a jikin dutse. A ƙasa zufa muke, a sama ga ƙanƙara a gefen titi, na kunna ɗumin hannu. Kwanonin nan wasu sai ka kusa tsayawa cak, ka juya kai har haɓa ta taɓa kafaɗa, ga motar 'yan yawon buɗe ido ta cinye rabin hanyarka. Nan kilo 233 da mutum biyu da akwatuna suke bayyana. Abin da ya cece ni shi ne injin ba ya mutuwa a ƙaramin juyi: giya ta ɗaya ko ta biyu, ƙafa a kan birkin baya, totur kaɗan, ya zagaye. Kujerar santimita 81 da rabi ce, ni matsakaici ina dire ƙafa biyu, kuma a gangaren da titi ya karkata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu babur ɗin Ducati Multistrada sun wuce mu fuu. Da yamma a Bormio teburi ɗaya muka ci abinci da su.

Ɗan Zango (Brescia)

To saura guda: S ko na ƙasa? Bambancin kuɗin zai saya mini akwatunan.

Bamaraɗe (Bergamo)

Na ƙasa. Inji ɗaya, birki ɗaya, fikafikai ɗaya. Sauran kuɗin ka sai akwati da jaket mai kyau ga madam.

Baban Khalifa (Lecco)

Ni S gare ni kuma ban yarda ba. Shakazoban Öhlins na S da kansa yake daidaita tauri da laushi kana tafe, titin dutse na cikin gari daban, kwanar Stelvio daban. Ƙari ga haka akwai ɗumin hannu, da canjin giya ba kuloci, da na'urar da ke nuna iskar taya a allo. Kai da za ka fita ƙarfe biyar na asuba a hazon Brescia, ɗumin hannun nan za ka saye shi ko ba jima ko ba daɗe. Ka ce dila ya rubuta maka farashin na ƙasa haɗe da ɗumin hannu da canjin giyar, ka ajiye kusa da na S ka gani. Sannan ka nemi gwajin da zai kai ka babbar hanya, zagayen bayan shago ba ya nuna komai. Ka tafi da lasisi da katin shaida, hular kwano biyu, wasu dilolin kuma sai sun riƙe katin banki kafin su miƙa makulli.