Pheasant: zabon Turai ko fakara mai jela?

'Yan uwa, ku taya ni mu daddale sunan wani tsuntsu. A karkarar Ingila inda nake zaune, kusan kullum da sassafe namijinsa kan shigo lambun bayan gida yana tsintar tsaba. Kansa kore ne mai sheƙi, fuska ja wur, farin zobe a wuya, ga jela doguwa da yake ja kamar basarake da alkyabba. Macen kuwa ruwan ƙasa ce, in ta lafe a ciyawa sai ka kusa taka ta. Na aika wa Inna hotonsa, ta ce, "Wannan fa me sunansa?" Na rasa ta cewa, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Yayana ya ce zabon Turai. Yaya, ka yi haƙuri, ban bi ka ba. Masana sun ware zabi a danginsu daban, shi kuwa dangi ɗaya yake da kaza da dawisu da fakara. Kuma ba ɗan Turai ba ne, daga Asiya aka yaɗa shi. Sunansa na Turanci ma, pheasant, daga kogin Fasis ya fito, wanda yau ake kira Riyoni a ƙasar Jojiya.

Wani malami daga Maraɗi ya kawo fezan, daga Faransanci. Allah ya gafarta malam, kunnen Bahaushe Fazan ta Libiya zai jiyo.

Ni fakara mai jela na zaɓa. Duk wanda ya taɓa tayar da fakara a gonar gero ya san halin: ta fi son sheƙawa a ƙasa, sai an matsa mata ta tashi fir da ƙarar fiffike har gabanka ya faɗi, ta sauka can gaba kaɗan. Haka wannan yake, babu bambanci. Farautarsa ma ake yi a ci. A Ingila daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu ake harbinsa, kuma miliyoyi ake kiwatawa a sake duk shekara domin maharba.

Abin da ya rage shi ne namijin, tunda fakara sunan mace ne a bakinmu. Zakaran fakara mai jela ya yi tsawo. Mutanen da ke cewa makwarwa, da maharbanmu, yaya kuke kiran namijinta a wajenku?