'Yata ta nace sai Antiropoloji, me ake karantawa a ciki?

Baban Zainab (Agege): Salamu alaikum jama'a. 'Yata za ta cike JAMB, ni lauya nake so ta zama, ita kuma ta kafe sai Antiropoloji a Jami'ar Ibadan. Wani maƙwabcina ya ce tonon ƙasusuwan matattu ne. Don Allah masu ilimi, mene ne wannan karatu, kuma ana cin abinci da shi?

Malam Habu (Idi-Araba): Wa alaikumus salam Alhaji. Maƙwabcin naka ɓangare ɗaya ya gani. Ilimi ne na nazarin ɗan Adam: al'adunsa, harshensa, halittar jikinsa, da abin da magabata suka bari a ƙasa. Haƙa tana cikin na ƙarshen nan, kuma a Ibadan sashe ɗaya ne ke koyar da su tare. Amma babban reshensa cikin ilimin zamantakewa yake, ɗan'uwan Soshiyoloji. Bambancinsu a hanyar bincike ne. Ɗan Soshiyoloji ya fi raba takardar tambayoyi ga mutane da yawa ya ƙirga amsa. Wannan kuwa sai ya tare a cikin jama'a shekara ko fiye, ya koyi yarensu, ya je suna da biki da jana'iza, sannan ya rubuta. Wani masani mai suna Malinowski ne ya yi suna da wannan hanya a tsibiran Trobriand da ke tekun Pasifik lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Mu ma an yi a kanmu. Wani masanin wannan fanni, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan unguwar Sabo a Ibadan farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969. Ya nuna yadda fataucin goro da shanu ya tsaya a kan maigida mai saukar da baƙi, da dillali, da bashin da ake bayarwa bisa amana, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta ƙara ɗaure 'yan unguwar. Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ko ta Alaba Rago a nan Legas zai ce ai mu ake faɗa.

Hajiya Rabi: Ni dai a yi hattara. Ana koyar da cewa mutum daga wata halitta ya samo asali. Yarinya ƙarama ce.

Malam Habu: Gaskiya ne Hajiya, akwai wannan darasin a reshen halittar jiki. Amma ɗaliban likitanci ma suna cin karo da shi, ba mu hana 'ya'yanmu ba. A ƙarfafa mata karatun addini.

Usman Obalende: Baba, maganar aiki kar a ɓoye maka, ba kamar lauya ba ne da ake buɗe ofis. Akwai koyarwa, akwai gidan tarihi irin na Onikan, akwai kamfanonin binciken kasuwa. Inda aka fi neman su shi ne ƙungiyoyin lafiya da na agaji. Lokacin Ebola a 2014 sai da aka nemi irinsu kan al'adun wankan gawa da binnewa a Gini da Saliyo. Mafi yawa sai an ƙara digiri na biyu, ka sa wannan a lissafi. Ga ta da Hausa, in tana jin Yarabanci kuwa ta samu jari.

Baban Zainab: Yarabanci kam ta fi ni, a nan aka haife ta. Na gode. Malam Habu, in da hali zan kawo ta bayan Juma'a ku yi magana, uwarta ma tana da tambayoyi.